Baƙon da Na Sauke a Rumbu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, kwana biyu bayan an ba mu dogon hutu, shekarar da na gama aji biyar na firamare. Ina tsugune a bakin rijiya ina kankare ƙanzon tukunyar tuwo, sai na ji acaɓa ya tsaya a ƙofar gidanmu a Tudun Wada, na kuma ji muryar Baba yana cewa a yi a hankali. Na yar da soso na fita da gudu, hannuna duk kumfa. Acaɓa biyu ne. Baba na kan na gaba ya rungume wani kwali kamar mai ɗauke da jariri, na bayan kuma an ɗaure masa wani kwalin da igiyar roba, an lulluɓe da buhun taki saboda yayyafi. Kafin a sauke su yaran layinmu sun cika ƙofar gida, wasu na cewa talabijin ce, wasu na rantsuwa ƙaramin firij ne. Ni kaɗai na san ko mene ne, domin wata guda ke nan ina laɓewa ina jin Baba yana yi wa Inna zancenta. Kwamfuta ce, tsohuwa, wadda ta sha hannu har farinta ya koma ruwan ƙasa, amma a ranar ko sabuwar mota aka ce in karɓa a madadinta ba zan saurara ba. Na dinga tsalle ina zagaya kwalayen har na take ƙafar mai acaɓa, Inna ta leƙo ta ce in ban koma kan tukunyata ba, zan ga kwamfuta a jikina.

Ba don mu Baba ya sayo ta ba, ko da yake na daɗe kafin in yarda da haka. Saboda Kaka ya sayo ta, mahaifiyarsa, wadda sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida ke ce mini Ummi, ita kuma take ce mini Takwara. An kawo ta daga ƙauyenmu aka yi mata aikin ido a Zariya, likita ya ce ta zauna kusa har ya sallame ta, ita kuwa ta yi rantsuwa cewa ranar da aka sa lauje a geronta tana can tsaye a bakin gona. Ita kaɗai ta rage a tsofaffin gidanmu. Ita ta san daga inda kakanninmu suka taso, da wanda ya haifi wane, da wadda aka aurar wane gari, da iyakar kowace gona da itacen da aka kafa shaida da shi. Baba ya ce duk wannan a cikin kan mutum ɗaya yake, kuma kan ya tsufa. Burinsa shi ne kafin ta koma ya zaunar da ita ya buga komai, a fitar a takarda a raba wa dangi. Ya san idan ta tafi ba za ta sake yarda ta zauna a birni ba, shi kuma aiki ba zai bar shi ya bi ta can ba.

Wadda ta haɗa mana wayoyin ita ce Anti Rahila, maƙwabciyarmu, 'yar mutanen Wusasa, wadda ke buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare. Da ta danna maɓalli akwatin ya yi tari kamar tsohon janareto, gilashin ya kawo haske, sai da na rufe bakina da hannu biyu don kada in yi ihu a kore ni. Ta nuna wa Baba yadda cikin kwamfuta yake, folda a cikin folda, kowace da abin da aka ajiye mata. Baba kuwa magatakarda ne a sashen ajiyar fayil, mutumin da ko takalmansa a jere suke kwana, don haka abin ya shige shi nan take. Ya ciro tsohuwar kalanda ya juya bayanta ya zana gida. Foldar da injin ke ajiye kayan aikinsa ya ce turaka ce, ba mai shiga. Wadda aka tanada don firogiram, abin da yanzu ake ce wa manhaja, ya ce zaure ce, domin firogiram baƙo ne, daga waje ake kawo shi, kuma baƙo a zaure yake sauka. Sannan ya sa Anti Rahila ta buɗe sababbi guda uku: Ɗakin Inna, wanda har kwamfutar ta mutu ba a taɓa saka ko tsinke a ciki ba, da Ɗakin Yara, da Rumbu. A Rumbu labarin Kaka zai zauna. Ya manna kalandar a bango, ya dube ni da ƙanena Sani ya ce, "Rumbu hannu ɗaya ke shigarsa."

Daga nan rayuwar gidanmu ta koma jiran wuta. Duk layin in aka kawo wuta yara kan yi sowa, amma tawa ta fi ta kowa ƙarfi, har maƙwabta suka ce sun daina duba ƙwan lantarki, muryata suke saurare. Bayan La'asar Baba zai dawo daga ofis, in an yi sa'a da wuta sai in shimfiɗa wa Kaka tabarma a gefen tebur. Zai zauna ya gyara tabarau, ya ɗaga yatsa biyu yana farautar haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Kaka za ta juya gefe ta fuskanci bango, ya yi tambaya ta ba da amsa a gajarce, wane ya haifi wane, wance ta rasu shekarar fara. Ni aikina share ƙura da rufe kwamfutar da tsohon zanen Inna. Na daina zuwa carafke, na daina 'yar gala-gala, ƙawayena suka yi fushi suka gaji. Shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa duk kafin hantsi na gama su, Inna har tana taɓa goshina ta ji ko lafiya nake. Abin da nake so ɗaya ne, a bar ni in ɗora yatsuna a kan waɗannan maɓallai, kuma ina jin haushin yadda Baba ke ɓata minti guda yana neman harafin da nake hangowa daga bakin ƙofa.

Anti Rahila ce ta ga halin da nake ciki. Ana gobe za ta tafi wani kwas na mako uku a Jos, ta shigo da faifan sidi a cikin ambulan, ta ce wa Baba firogiram ne na koyon buga rubutu, ya bar ni in gwada da safe lokacin da kwamfutar ke zaman banza. Baba ya ce to. Ta koya mini yadda zan saka shi, ta ce abu ne mai sauƙi, in yi ta danna maɓallin ci gaba har ya gama. Ranar Litinin wajen ƙarfe goma aka kawo wuta. Baba na ofis, Sani na waje yana tuƙa taya, Inna na madafi. Na saka faifan, na danna sau ɗaya, na danna sau biyu, a na uku sai wani ɗan akwati ya fito da tambaya. Turancina na aji biyar ya isa in gane abin da yake cewa: a ina kike so a ajiye shi? A ƙasa ya rubuta zaure da kansa, a gefe kuma ga maɓallin da ke ba mutum dama ya zaɓi wani wuri.

Na janye hannuna daga maus, linzamin kwamfutar, na zauna ina kallon tambayar nan, daɗi ya cika ni. A gidanmu ba a tambayar yaro inda za a ajiye ko da buta, ga shi yau na'ura sukutum ta tsaya cak tana jiran ra'ayina. Na ɗaga kai na dubi kalandar Baba na fara shawara kamar wata uwar gida. Zaure dai ban yarda da shi ba. Na san zauren gidanmu, kowa na ratsa shi, awakin maƙwabta ma nan suke fakewa in ana ruwa, ta yaya zan bar abin da na fi so a duniya a can? Ɗakin Yara kuwa da Sani muke tarayya, yaron da ya taɓa buɗe cikin agogon Baba don ya ga mai bugawa. Sai na tuna hirar Kaka, da take cewa a ƙauye mace mai hankali ba ta ajiye warwaronta na azurfa a ɗaki, cikin rumbu take tusa shi a tsakiyar gero, inda yaro ba ya kaiwa, ɓarawo kuma ba ya tunani. Ga Rumbu, ga dokar Baba ta kewaye shi. Na ce a raina ai ba ɗiba zan yi ba, ajiya zan yi, don haka ban karya doka ba. Na zaɓi Rumbu, na danna, wani koren layi ya cika a hankali, na tashi na taka rawa ni kaɗai a tsakar ɗaki saboda wayon da nake ganin na yi.

Makonni ukun da suka biyo baya ban taɓa jin daɗin hutu kamarsu ba. Firogiram ɗin yana da wani wasa da haruffa ke zubowa daga sama, in ka buga daidai su fashe, in ka makara su taru su binne ka. Da farko sun binne ni ba adadi. Na koyi ajiye yatsu takwas a layin tsakiya, na koyi daina kallon hannuna. In babu wuta sai in zana maɓallan da gawayi a kan simintin tsakar gida in yi ta bugawa, in ina tsince shinkafa yatsuna na bugawa a bakin faranti, har a Islamiyya malam ya taɓa tambaya ko ƙaiƙayi ke damuna. Kaka takan zauna a inuwa da baƙin tabaran da likita ya ba ta tana jin ƙarar, ta ce, "Takwara, wannan ai sai ka ce ruwan sama a kan kwano." Baba bai lura da komai ba, domin shi ta wata gajeriyar hanya da ke fuskar gilashin yake buɗe rubutunsa kullum, bai taɓa buƙatar leƙa cikin Rumbun ba.

Saura kwana takwas Kaka ta tafi, likita ya sallame ta, aikin Baba kuma ya kusa kammala. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya buɗe Rumbu don ya ƙirga fayil ɗin da zai kai a fitar a takarda. Maimakon nasa goma sha biyu a jere, sai ya tarar da tarkacen fayil masu baƙin sunaye sun cika wurin, nasa sun ɓace a tsakaninsu. Ya kira ni. Ba faɗa ya yi ba, fuskarsa irin ta wanda ya ga takalmi a kan tabarmar salla ce. Ya ce, "Ummi, wa ya sauke baƙo a rumbu?" Na yi masa bayanin warwaro da gero, na ga gefen bakinsa ya motsa yana danne dariya. Ya ce niyyata mai kyau ce amma kowane abu da muhallinsa, in fitar da baƙon in mayar da shi zaure. Ni kuwa abin nema ya samu, zan nuna wa Baba gwanintata. Na nemo maɓallin cirewa na danna. Wani akwati ya fito da dogon Turanci, Baba ya gyara tabarau ya karanta, ya ce yana tambaya ne ko a kwashe komai da komai, ai abin da muke so ke nan. Na danna. Na sake saka faifan, na sauke firogiram ɗin a zaure yadda ya kamata, ina ta washe baki. Sannan Baba ya karɓi maus ya tafi buɗe Rumbu. Ga Ɗakin Inna, ga Ɗakin Yara, babu Rumbu.

Mun duba ko'ina, har kwandon sharar kwamfutar, wayam. Washegari Anti Rahila ta dawo, ko jakarta ba ta kwance ba Inna ta je ta ɗauko ta. Ta shafe awa biyu tana gwada dabarun da ta sani, daga ƙarshe ta jingina da kujera ta girgiza kai. Ta ce shi wannan firogiram ɗin, duk ɗakin da aka sauke shi ɗauka yake nasa ne shi kaɗai, ranar da zai tashi kuma da ɗakin yake tashi, shi ya sa ake ba kowanne nasa wurin a zaure, ba a haɗa shi da kayan mutane. Baba ya ce laifin nasa ne, shi ya karanta kuma shi ya ce a danna. Wannan maganar ta fi duka yi mini ciwo, domin na san wanda ya fara. Mako biyar yana bugawa da yatsa biyu, yanzu saura mako ɗaya, ofis kuma ba za su ba shi hutu ba. Na shige bayan randar Inna na yi kuka har na gaji, ranar ko da aka kawo wuta ban yi sowa ba.

Ranar Lahadi da hantsi Kaka ta aiko Sani ya kira ni. Na same ta tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Takwara, an ce gara ta cinye rumbu." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "To, gero ne ya tafi, gonar tana nan. Ɗauko tabarma." Na kalli Baba da ke tsaye a bakin ƙofa, ya kalli yatsuna, ya kalli nasa, ya matsa ya ba ni hanya. Anti Rahila ta buɗe sabon Rumbu, ta kawo ƙananan faya-fayan ajiya biyu da ake ce wa filofi, ta ce duk yamma a kwafe aikin a kai, ɗaya ya kwana a gidanmu ɗaya a gidansu. Na hau kujerar Baba, ƙafafuna ba sa kaiwa ƙasa, tsoro da murna sun haɗu. Kaka ta buɗe baki, yatsuna suka bi ta. Da na ga ina kamo maganarta kafin ta sauke numfashi, sai na ji kamar in tashi sama. Inna ta yafe mini duk aikin gida na mako guda, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidanmu. In an ɗauke wuta in rubuta a littafin makaranta, in an kawo in juye.

Tun ranar Litinin, da Baba ya tafi ofis muka rage mu biyu, na lura wannan ba labarin da na saba ji ana bugawa ba ne. Kaka ba ta fuskanci bango ba, ni ta fuskanta, ta miƙe ƙafa. Sai a lokacin na gane dalili. Baba ɗan farinta ne, kuma irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "mutumin Zariya" take ce masa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta sakin jiki a gabansa. Duk mako biyar ɗin nan ƙashin labarin kawai ta ba shi. Ni kuwa jika ce, abokiyar wasa, sai ta kwance bakin buhu. Na ji wane kakanmu ne ya gudu daga fagen dambe ya ɓuya a ramin rini ya fito shuɗi, na ji wace gwaggo ce ta fi kowa rowar daddawa, na ji waƙar da suke yi in suna daɓen ɗaki, ta rera ta har da tafi. Muna dariya har Inna ta bar girki ta zo ta tsaya a taga.

Ranar Alhamis muka iso kan haihuwar Baba. Muryarta ta sauka. Ta ce yana shekara biyu ƙyanda ta kama shi a tsakiyar damina, ta goya shi ta ratsa rafi ruwa na kai mata ƙirji ta kai shi wurin malamin asibiti, da ta dawo kuma surukai suka tambaya sai ta ce ganyen miya ta je nema, don kada a ce ta nuna son ɗan fari. Ta ce tun da ta haife shi ba ta taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba, sai ya ba da baya take kallonsa. Ta ce da idonta ya fara hazo ba ta damu ba, sai ranar da ya je gaishe ta, ya juya zai tafi, ta ɗaga kai ba ta ga bayan nasa ba, ranar ce ta yarda a kawo ta a yi aikin. Na tsayar da hannuna na ce, "Kaka, in rubuta wannan?" Ta ɗauki gyaɗa ta ɓare ta ce, "Ni da ke nake magana. Abin da akwatinku ya ji ba ruwana."

Mun gama ranar Juma'a kafin azahar. Anti Rahila ta kai filofi aka fitar a takarda, ta kawo takardun da ɗuminsu, na rungume su ina sunsunar ƙamshin tawada ina zagaya tsakar gida. Asabar da safe motar ƙauye ta zo, Kaka ta shiga da ƙullin kayanta, Baba ya durƙusa ya yi mata sallama tana kallon gefe kamar kullum. Da motar ta sha kwana ya dawo ya zauna a kan benci a zaure da takardun, ya ciro jan biro don gyaran kurakuraina. Ina leƙensa ta labule ina jiran yabo. Na ji yana dariya a shafukan farko, biron na motsi. Can sai biron ya tsaya. Ya daɗe a kan shafi ɗaya, sannan ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya kira ni ba tare da ya ɗago ba. Ya ce, "Ita ta faɗi wannan da bakinta?" Na ce e. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya fita ƙofar gida ya tsaya yana kallon hanyar da motar ta bi, mutum mai furfura a gemu, hawaye na sauka bai share ba.

Kaka ta ga girbi uku bayan wannan, ba ta sake zuwa Zariya ba. Yanzu ni ke kula da kwamfutocin wani ofis, a wata nakan saka manhaja fiye da yadda zan iya tunawa, kowace a foldarta, nesa da takardun mutane, kuma ni ce mai faɗa idan sabon ma'aikaci ya haɗa su wuri ɗaya. 'Ya'yana kuwa a waya suke sauke abin da suke so da taɓawa ɗaya, ba mai tambayarsu inda za a ajiye, ba su san akwai wani ciki da ke da ɗakuna ba. Nakan so a ce su ma wata rana na'ura ta tsaya ta jira shawararsu, ko da za su zaɓi wurin da bai dace ba. Baba ya tsufa, ya daina karanta jarida, amma shafin nan guda yana ninke a aljihun rigarsa ta Juma'a. Har yau na kasa kiran abin da na yi kuskure da zuciya ɗaya.